Tarihin Kafuwar Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya da Rabon Kudancin Kaduna a Cikinta

Duk wanda ya yi nazarin al'amuran mutanen Kudancin Kaduna, tun daga Kafanchan da Kagoro har zuwa Kwoi da Zonkwa da Kachia, lalle zai tarar cewa aikin soja ya daɗe da zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da 'ya'yan wannan ƙasa suke bi su nemi abinci da daraja, har ya kasance da wuya a ratsa gari ba a iske gidan da aka taɓa rataye kaki a cikinsa ba. Saboda haka tarihin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda jama'a suka fi sani da ƙungiyar 'yan mazan jiya, ko da yake ba a nan aka aza harsashinta ba, tarihi ne da ya shafi wannan yanki ƙwarai da gaske.

Asalin maganar yana komawa ga shekarar 1897, sa'ad da Ingilishi suka ɗora wa Lugga nauyin haɗa rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda mafi yawan dakarunta 'yan Arewa ne, harshen bariki kuwa Hausa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kafanchan wajen 1927, garin ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Jos da wanda ya wuce Kaduna, sai ƙofar fita duniya ta buɗe wa samarin ƙauyukan da ke kewaye, musamman waɗanda suka ɗan taɓa karatu a makarantun mishan, waɗanda suka ga babu wata babbar kafa a gare su cikin aikin En'e, amma ga ta a bariki.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka kwashi dubban 'yan Nijeriya, aka fara kai su gabashin Afirka su kara da Italiyawa a Somaliya da Habasha, daga bisani kuma aka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 aka haye da su teku zuwa Indiya da Bama, inda suka gwabza da Japanawa cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi har zuwa 1945. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ce take kawo wa iyaye labarin fagen fama, kuma har yau sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya shaida ne a kan waccan tafiya.

To, amma komowar mayaƙi ta fi tafiyarsa wuyar sha'ani ga hukuma, domin mutumin da ya ga duniya, ya koyi tuƙi ko aikin waya ko jinya, ya kuma ji alkawura iri iri a bakin hafsoshinsa, ba zai yarda ya koma ya zauna hannu banza ba. Wannan ne ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ƙungiyar kula da jin daɗin sallamammun sojoji a 1946, bisa koyi da wadda aka kafa a Ingila tun 1921 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hikimar yin haka ta bayyana a fili ranar 28 ga Fabrairu 1948, sa'ad da tsofaffin sojoji a Ankara ta ƙasar Gana suka yi jerin gwano don kai kukansu ga Gwamna, aka harbe uku daga cikinsu, fitinar da ta biyo baya kuwa ta zama sanadin gaggauta 'yancin ƙasar Gana.

Bayan samun mulkin kai, majalisa ta zartar da doka a 1964 wadda ta kafa ƙungiyar da muke da ita a yau, aka kuma sabunta dokar a 1988. Maƙasudinta shi ne riƙon zumunci tsakanin waɗanda suka yi aiki a sojan ƙasa da na ruwa da na sama, da taimakon naƙasassu, da tallafa wa matan mamata da marayunsu. Abin da ya faɗaɗa ta fiye da kome shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda a cikinsa rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura har ta kai kimanin 250,000, kuma da aka shiga rage ta bayan ƙura ta lafa, sai garuruwa suka cika da sallamammu masu bukatar wanda zai tsaya musu. Daga nan rassa suka yaɗu daga jihohi zuwa ƙananan hukumomi, aka kuma mai da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin.

Wani abin lura shi ne, wannan ƙasa ta duwatsu da gonakin citta, wadda ke nesa da teku da tafiyar ɗaruruwan mil, tana da hannu har a cikin sojan ruwa, rundunar da aka kafa a 1956. A Kachia, kusa da makarantar igwa ta sojan ƙasa, akwai makarantar koyon fasahar makamai ta sojan ruwa. Kuma Ishaya Ibrahim, ɗan ƙasar Jaba, ya shugabanci rundunar ruwan baki ɗaya daga 2008 zuwa 2010. Haka nan Janar Martin Luther Agwai, shi ma ɗan wannan yanki, ya riƙe sojan ƙasa daga 2003, ya zama babban hafsan tsaro a 2006, sa'an nan ya jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur. Janar Luka Yusuf na Kagoma shi ma ya riƙe sojan ƙasa daga 2007 zuwa 2008.

Sai dai fa ba don manyan hafsoshi aka kafa ƙungiya irin wannan ba, domin su Allah ya rufa musu asiri. An kafa ta ne don kofur da saje da farabiti, waɗanda ba a rubuta sunansu a jarida. Aikinta na haƙiƙa yana ƙasa, a wurin da tsofaffi suke haɗuwa su bi wa ɗan'uwansu fanshon da ya maƙale, su raka gajiyayye wajen tantancewa, su tsaya a jana'izar abokin aiki ko a coci ko a masallaci, su kuma sama wa mai sauran ƙarfi aikin gadi ta hannun sashen ƙungiyar da aka keɓe don haka. A yankin da ya sha ɗanɗanar ɗacin husuma tsakanin maƙwabta, majalisar da Kirista da Musulmi suke zama a cikinta bisa lambar aiki da shekarar shiga, ba bisa ƙabila ko addini ba, ni'ima ce da bai kamata a raina ta ba.

Rauninta kuwa sananne ne: dogaro da kuɗin bajon tunawa da ake sayarwa sau ɗaya a shekara, da gudummawar mambobin da su kansu mabukata ne, alhali kuwa yaƙin da ake yi a Arewa maso Gabas da dazuzzukan Arewa maso Yamma kullum ƙara yawan zawarawa da marayu yake yi. Wajibi ne a kan ƙananan hukumomi da sarakuna da manyan hafsoshin da suka yi ritaya su tabbatar kowane reshe yana da ofis, da cikakken littafin sunayen mambobi da magadansu, da asusun da ake binciken lissafinsa, domin haƙƙin wanda ya sayar da ransa saboda jama'a bashi ne, bashi kuwa ba a biyansa da fareti.