Ƙwayar tazarar haihuwa da hawan jini: abin da ya kamata a sani

Jama'a masu saurarenmu, tambayar nan ta sha zuwa mana: shin ƙwayar tazarar haihuwa tana sa hawan jini, wato abin da muke kira tansiyo? Amsar ita ce e, tana iya sawa, amma ba kowace ƙwaya ba, kuma ba ga kowace mace ba.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Akwai mai sinadari biyu a haɗe, estrojen da projestin, kamar Microgynon. Akwai kuma mai projestin kaɗai, kamar Microlut, wadda aka fi ba mata masu shayarwa. Maganar hawan jini ta fi shafar ta farkon.

Ga yadda abin yake faruwa. Estrojen yana sa hanta ta ƙara fitar da wani sinadari wanda, idan ya shiga jini, yake tsuke hanyoyin jini, ya kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Mai noman rani ya san abin: idan ka matse bakin tiyo, ruwa na fita da ƙarfi. To haka jini yake yi a jijiyar da ta tsuke. Ga yawancin mata ƙarin ɗan kaɗan ne, ba ya kai su ga ciwo. Amma akwai waɗanda jininsu ke hawa sosai, wani sa'in bayan watanni, wani sa'in sai an yi shekaru ana sha lafiya lau.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1960 aka fara sayar da ƙwayar a Amurka don tazarar haihuwa, kuma a 1967 aka wallafa rahotannin matan da jininsu ya hau saboda ita. Ƙwayar farko tana da estrojen har mikrogram 150. Na yanzu yawanci 20 zuwa 35 ne, shi ya sa haɗarin ya ragu ƙwarai. Ya ragu dai, bai tafi ba.

A asibitocinmu na Nijar za ki ji an ce tansiyonki 12/8 ne, ko 14/9. Ƴan uwa da ke Najeriya ko Gana su kuma 120/80 ko 140/90 za a ce musu. Abu ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: daga 14/9 ba a son mace ta sha ƙwaya mai haɗi, sai in babu wata hanya. Daga 16/10 zuwa sama kuwa, ko kusa kada ta sha. Ko wadda ke shan maganin hawan jini, jinin ya daidaita, an fi so ta zaɓi wata hanyar.

Mafi muni shi ne jini ya kai 18/12 ko ya wuce, har ya fara ɓata ido, ƙoda, zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake ganinsa ba, amma in ya zo yana iya kai mace ga shanyewar ɓarin jiki, makanta ko rasa rai. Alamominsa: ciwon kai mai tsanani wanda ba a saba ba, gani dishi-dishi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, hannu ko ƙafa su mutu, baki ya karkace ko harshe ya yi nauyi. Wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan ta ajiye ƙwayar, a kai ta asibiti a ranar. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kada a tsaya turare da tofi har dare ya yi.

Sai dai fa, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Nan matsalar take. Mace ta aiki yaro ya sayo mata ƙwaya wajen mai tallar magani ranar kasuwa, don kunya ko don kada a gan ta a layin CSI, babu wanda ya ɗaura mata abin awo a hannu. Awon nan minti nawa ne? A auna kafin a fara, a koma bayan wata uku, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara.

Waɗanda ya kamata su fi kula su ne macen da ta haura shekara 35, mai ƙiba, mai ciwon suga ko na ƙoda, wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, da wadda hawan jini ke cikin danginsu. Mai shan taba da ta kai 35, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ƙwaya mai haɗi ba tasu ba ce. A rage gishiri da dunƙulen miya, haka ma kanwa, wadda mu kan manta cewa ƴar uwar gishiri ce.

Idan ƙwayar ce ta jawo, jini yakan sauka cikin kamar wata uku bayan an daina. In bai sauka ba, akwai wani dalili, sai likita ya bincika. Amma kada a bar ƙwaya a zauna haka nan, don ciki a kan hawan jini ya fi ƙwayar haɗari: shi ke kawo jijjiga wajen haihuwa. Ungozomar asibiti za ta iya sauya miki da ƙwaya mai projestin kaɗai, ko ashanar da ake sawa a damtse, ko robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ruwanta da hawan jini sam. Allurar wata uku kuwa, ita ma ba a son ta idan jini ya kai 16/10.

Maigida, raka ta awon, kai ma ka miƙa hannunka. Ƴan uwa na Abijan, Legas ko Faransa masu aiko da saƙo gida, maimakon ƙwayoyin da aka rubuta wa wata, ku aiko da na'urar awon jini mai batir. Guda ɗaya ta ishi gida duka har da maƙwabta.