Daga Babban Rumbu zuwa Ƙarami: Tarihin Sana'ar Kwafi a Kasuwar Sabon Gari



Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari ta wajen masu kayan lantarki, da wuya ya rasa ganin wani saurayi a 'yar rumfa, ya kwance cikin kwamfuta, ya ciro rumbunta na ajiya, wato abin da masu gyara ke kira had-dis, ya jona shi da wani ɗan ƙarami, yana jiran bayanai su gama ƙaura. Wannan saurayi magajin tsohuwar sana'a ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma tarihin sana'ar nake so mu duba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari domin baƙin da ya kawo daga Kudu. Tun daga nan kasuwarta ta zama ƙofar da kayan ƙetare ke shigowa, daga garmaho zuwa rediyo da rikoda, har aka sake gina ta, ta ci sunan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Amma ita sana'ar kwafi ta girmi jirgi nesa ba kusa ba. A cikin birni akwai marubuta waɗanda abincinsu ke nan, su juyi littafi da alƙalami da tawada. Tarihin Kano ɗin nan da Palmer ya fassara a 1908, ta hannun irinsu ya iso gare shi. Marubutan suna da wata ƙa'ida da ake kira muƙabala: in an gama juyi, sai a zauna, wani ya riƙe asali wani ya riƙe kwafi, a bi su layi-layi, kafin a mayar wa mai littafi da abinsa. Ina roƙon ku riƙe wannan kalma.

Zamanin kaset ya raunana ƙa'idar. Brian Larkin, cikin littafinsa na 2008, ya bayyana yadda Ƙofar Wambai ta zama cibiyar juyar kaset, inda kwafi ke haifar kwafi, murya na dusashewa, hoto na koɗewa, mai saye kuwa ya saba, ba ya tambayar asali. Da kwamfuta ta zo sai aka ce an huta, tun da kwafinta ba ya koɗewa. Gaskiya ne, amma da sauran magana.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da rumbun farko a 1956, faya-fayai hamsin masu juyawa, waɗanda ba su ɗaukar abin da ya wuce harafi miliyan biyar. Har yau had-dis faifai ne mai juyawa da allura mai karantawa, shi ya sa yake da nawa, kuma ba ya son faɗuwa. A shekarun 1980 Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro ma'ajiyar da babu abin da ke motsi cikinta, ita ce uwar memorin waya da rumbun da ake kira Es-Es-Di. A 1991 irin wannan rumbu mai megabayit 20 yana kai dala dubu. Ya yi araha ƙwarai tun daga lokacin, sai dai har yanzu ya fi had-dis tsada. Saboda haka ɗalibin da ya sayi kwamfuta ta hannu mai giga 500, in yana son ta yi sauri, abin da aljihunsa ke iyawa shi ne 128 ko 256. Ga hatsin babban rumbu, ga ƙaramin rumbu.

To, a nan gizo ke saƙa. Rumbun kwamfuta a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, tsarin da ya bazu tun 1983. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai tayar da na'ura, da ɗakin Windows, sau da yawa kuma da wani na mai ita. A bakin rumbun akwai rajista mai faɗin inda kowane ɗaki ya soma da inda ya ƙare, sabon tsari ma yakan ajiye kwafinta a can ƙarshe. Manhajojin da ke juye rumbu kacokan, irin su Ghost ta tsakiyar shekarun 1990 da Clonezilla ta Taiwan, sun fi jin daɗin aiki idan sabon mazubi ya kai tsohon ko ya fi shi. In ya gaza, ba ya isa mutum ya ce ai kayana giga ɗari ne kacal, domin kayan a warwatse suke, wasu suna can ƙurya. Tilas a fara ajiye kwafinsu a wani wuri, a rage tarkace, a tattaro saura gefe guda, a matso da bangon kowane ɗaki har jimlarsu ta shiga, sa'an nan a juye, a gyara rajista. Wanda ya yi gaggawa, ko dai na'urar ta ƙi tashi, ko kuwa ta tashi lafiya lau alhali an bar ɗaki guda a baya, wannan kuwa shi ya fi muni, don ba ya nuna kansa.

Ni ganau ne. Bayan na dawo daga karatu a ƙasar waje, na kai tawa wurin wani mai gyara. Ya tambaye ni ko in bar masa tsohon rumbun ya rage mini kuɗi, na amince. Kwamfuta ta tashi kamar walƙiya, na yi godiya na tafi. Sai bayan mako uku na nemi hirarrakin da na ɗauka da wasu dattawan marina, na tarar ɗakin da suke ciki bai yi ƙaura ba. Na koma, ya ce ai tuni ya share rumbun ya sayar. Ban ga laifinsa kamar nawa ba: ni ne na karanta muƙabala a littafi, na kasa zama minti goma in yi ta. Biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika kula da ita ba. Ba kowane mai gyara ke share tsohon rumbu ba, kuma sharewar sama-sama ba ta hana gwani tono abin da ke ciki. Ta haka hotunan iyali da takardun ofis ke komawa kan tebur tare da sauran kayan gwanjo.

Marubutan dā sun bar mana sunayensu a ƙarshen littattafai, da ranar da suka gama juyi, shi ya sa muke iya bin sawunsu. Waɗannan samari ba sa sa hannu a aikinsu. Gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban rumfuna a kasuwar. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ya ɗauki rikoda ya je ya zauna da su tun suna nan, ya kuma ajiye hirar a wuri biyu.