Daga Zaure Zuwa Jarida: Yadda Maganar Unguwa Ta Zama Ra'ayin Jama'ar Arewa



Sau da yawa idan ana tarihin siyasar Arewa, akan fara ne daga kafa jam'iyyu, watau NEPU a Kano cikin 1950, da kuma mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, kafin a kafa waɗannan jam'iyyu, ra'ayin jama'a ya riga ya yi saiwa, kuma a zaurukan unguwa ya tsiro.

A tsarin gargajiya, labari yana da hanyoyi biyu. Umurni yakan sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga nan zuwa mai unguwa, sa'an nan mai shela ya bi kasuwa da lunguna yana sanarwa. Wannan hanya a buɗe take. Amma hanyar da kukan talaka zai bi ya hau sama ƙunci gare ta, domin sau da yawa wanda ake kuka da shi, shi ne wanda za a kai wa kukan. Saboda haka zancen haraji da jangali da aikin tilas yakan tsaya a zaure ko a dandali, a yi shi da murya ƙasa ƙasa, a watse.

Abin ya fara sakewa a watan Janairu na 1939, sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ta ne don ta kashe jita-jita, musamman da yake Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato. Sai dai jaridar ta buɗe wata ƙofa da masu ita ba su auna faɗinta ba, watau filin wasiƙun masu karatu. Malamin makaranta ko magatakardan En'e a ƙauye ya sami inda zai rubuta damuwar garinsu. Ko da yake masu ilmin boko kaɗan ne, akan sayi jarida guda, mutum ɗaya ya karanta wa cike da zaure. Ta haka mutumin Katsina ya gane cewa abin da ke damunsa shi ne ke damun na Bauchi.

A Bauchi ɗin ne aka ɗaga maganar mataki na gaba. A cikin shekarun yaƙin aka kafa wani taron tattaunawa, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama da ma'aikatan En'e da Turawa, ana muhawara a fili. Da zance ya kai ga mulkin En'e da albashin sarki, sai hukuma ta tsayar da taron. Amma maganar ba ta mutu ba. A watan Agusta na 1950, Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Abin da aka hana faɗa a ɗakin taro na lardi, ga shi an faɗe shi a gaban Jihar Arewa baki ɗaya.

Daga baya Hukumar NORLA, wadda aka rufe a 1959, ta buga jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano, da Himma a Katsina, da Zaruma a Sakkwato, da Bazazzaga a Zariya. Wannan ya nuna hukuma da kanta ta yarda cewa labarin rijiya da kasuwa da makarantar gari labari ne.

To, ku ma'aikata, da ku ɗalibai masu shirin kama aiki, ga inda tarihin ya shafe ku. Ƙorafin da mai unguwa ya kawo ofishinku a kan magudanar ruwa ko kuɗin rumfar kasuwa, kada ku ɗauke shi ƙaramin abu. Waɗanda suka riga ku zama kan waɗannan kujeru sun yi zaton rufe taro zai rufe baki, sai ga shi cikin 'yan shekaru maganar ta komo musu da tutar jam'iyya. Wanda ya saurari zaure tun da wuri, ba zai ji maganar farko a filin zanga-zanga ba.