Daga Kalankuwar Ƙauye zuwa Bikin Dary na N'Djamena

Tun zamanin kakanni, idan damina ta ɗauke, aka yanke gero da dawa, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, abin da manomi Musulmi yake fara yi shi ne fitar da hakkin Allah, wato ushiri daga abin da ruwan sama ya shayar, ko rabin ushiri daga abin da aka shayar da wahala, muddin amfanin ya kai nisabin wusƙi biyar, kamar yadda fuƙaha'un Malikiyya suka bayyana. Bayan nan ne samari da 'yan mata a ƙasar Hausa suke shirya kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu na wasa, a yi kiɗa da kokawa, a ci a ƙoshi.

Shi kuwa wannan birni namu na N'Djamena asalinsa bariki ne. Bayan da aka kashe Rabe a yaƙin Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900, Faransawa suka kafa sansani a ƙetaren kogin Shari, suka raɗa masa sunan kwamandansu Lamy, wanda shi ma a wannan yaƙi ya mutu. Ba a jima ba maniyyata daga Kano da Katsina da Sakkwato, masu nufin Makka da ƙafa, suka mayar da wurin zango, wasu su yi damina ɗaya ko biyu suna neman guzuri, wasu kuma Allah ya ƙaddara nan ne makwancinsu. Sai dai garin bai sami sararin yin bikin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya ba, domin a zamanin Nasara noman auduga na tilas ne ya addabi mutanen kudu, bayan samun mulkin kai a 1960 kuma musibu suka yi ta bin juna: farin 1973, shekarar da Shugaba Tombalbaye ya sauya wa garin suna daga Fort-Lamy zuwa N'Djamena, da yaƙin basasar 1979 da 1980 wanda ya kora jama'a zuwa Kusuri, da kuma farin 1984.

Sai a watan Disamba na 2018 aka buɗe bikin Dary na farko a babban dandalin Place de la Nation, inda larduna 23 na Chadi kowanne ya kafa rumfarsa, ya baje abin da ƙasarsa take bayarwa: dabinon Borku, da ƙaro, da riɗi, da shinkafar Tanjile, da busasshen kifin tafki, ga raye-raye da tufafin kowace ƙabila. A ganina dihe na daga cikin abubuwan da suka fi cancantar a tsaya a kansu, wato koren gansakukan da matan Kanem suke kwalfowa daga tafkunan kanwa, su zuba shi a wani ɗan gurbi da suka fafe cikin yashi, rana ta busar da shi, su yayyanka shi gunduwa-gunduwa a yi miya, alhali Turawa a kwalba suke sayensa da tsada a matsayin ƙarin lafiya.

An ce a garin Lucban na ƙasar Filifin, ran 15 ga Mayu kowace shekara, manoma da kansu suke ƙawata bangon gidajensu da shinkafa da kayan lambu. Wannan shi ne abin da nake yi wa Dary fata, domin sau da yawa makaɗi da mai rawa sukan sha gaban wanda ya riƙe fartanya.

Ga misalin mai noman masakwa, wadda a nan ake kira berbere. Yakan yi rainon iri tun damina ba ta ƙare ba, idan ambaliya ta janye daga laka sai ya huda ƙasa da sanda mai tsini, ya zuba ɗan ruwa, ya dasa, daga nan shukar ba ta ƙara ganin ruwan sama har ta nuna. A lokacin da ake shagali a dandali, shi yana gonarsa a Salamat yana korar tsuntsaye, ba zai yi girbi ba sai wajen Janairu ko Fabrairu, sa'an nan manyan motoci su ɗauko buhunan daga Am Timan zuwa Kasuwar Gero ta N'Djamena.