Bell Labs: Yadda Kuɗin Wayar Tarho Ya Haifi Transista

A watan Disamba na 1947, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke garin Murray Hill na jihar New Jersey a Amurka, John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa wata 'yar na'ura mai ƙara ƙarfin siginar lantarki. Ita ce transista, wadda yau babu waya ko kwamfutar da za ta motsa ba tare da ita ba. Su biyun da shugabansu William Shockley sun sami kyautar Nobel a 1956. Amma wa ya riƙa biyansu albashi shekara da shekaru suna nazarin da ba a san ranar da zai kawo sisi ba?

Masu biyan kuɗin tarho ne. An kafa Bell Labs a 1925 a ƙarƙashin kamfanin AT&T, wanda ya yi babakere a harkar waya a Amurka. Gwamnati ta ƙyale shi a kan haka, tana sa ido kan farashinsa, shi kuma yana yankar wani ɗan kaso daga kuɗin shigarsa yana zubawa a bincike. Tunda babu abokin gogayya da ke hura masa wuta, yana iya jiran sakamako shekara goma ko ashirin. A ganina wannan haƙurin shi ne ainihin jarin. A Bell Labs ne Claude Shannon ya fitar da ƙa'idar lissafin sadarwa a 1948, aka ƙera farantin sola na silikon a 1954, aka fara manhajar Unix a 1969.

Sai dai ribar ba ta tsaya a gidan mai ita ba. Tun 1952 AT&T ya fara ba da lasisin ƙera transista a kan dala 25,000. Cikin masu saye har da wani ƙaramin kamfanin Tokyo, wanda ya fitar da rediyonsa mai transista a 1955, daga baya ya koma Sony. Irin wannan ƙaramin rediyo mai batir ne ya kai labaran duniya rugage da ƙauyukan ƙasar Hausa, inda babu lantarki. A 1956 kuma sulhun da kamfanin ya yi da gwamnati a kotu ya tilasta masa sakin dubban ƙirƙire-ƙirƙirensa kyauta ga kamfanonin Amurka, ya kuma hana shi fita daga harkar sadarwa. Shockley da kansa ya tafi Kalifoniya ya buɗe nasa kamfanin. Mutum takwas suka ɓalle daga wurinsa a 1957 suka kafa Fairchild, biyu daga cikinsu suka kafa Intel a 1968. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana, ko da yake wannan kurar ba ta kwana da yunwa ba.

Gwamnati ta sake maka AT&T a kotu a 1974, aka kuma rarraba shi ranar 1 ga Janairu, 1984. Kiran nesa ya yi araha, kuma wannan alheri ne da ba a musu. Amma kamfanin da ke kokawar neman ciniki ba ya iya ciyar da masanin da ke sauraren sararin samaniya, kamar yadda Arno Penzias da Robert Wilson suka yi a Bell Labs har suka ci Nobel a 1978. Abin takaici ne ƙwarai. Bell Labs ya koma hannun Lucent a 1996, sannan Alcatel-Lucent a 2006, lokacin da ya riga ya ragu sosai. Tun 2016 yana ƙarƙashin Nokia na ƙasar Finland.