Wuri Miliyan Ɗari Uku: Babban Adadi a Tarihin Kano

A shekarar 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci Kano, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa duk shekara sun kai darajar wuri 300,000,000. Bahaushen wancan zamani yana da kalmomin riƙe irin wannan adadi. Hauya ita ce wuri ashirin, zangu ɗari, zambar dubu, ƙeso kuwa 20,000.

Ta fuskar lissafi, tushen adadin lambobi uku ne kacal: 2 da 3 da 5. Biyu ta shiga sau takwas, biyar sau takwas, uku sau ɗaya, don haka lambobi 162 ne ke raba shi ba saura. Ya yi daidai da ƙeso 15,000, ko dalar azurfa 120,000, tunda wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya a lokacin.

Biyar-biyar ake ƙirga wuri. Ko da mai ƙirga zai ja biyar kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura kwana 690. Da kuɗin Turawa suka kori wuri, hauya da zangu suka bi shi, suka bar bakin 'yan kasuwa.