Adadin haihuwa

Adadin haihuwa shi ne yawan jariran da aka haifa da rai a cikin kowane mutum 1,000 na wata al'umma a shekara guda. Masana ƙidayar jama'a na amfani da shi wajen auna saurin ƙaruwar mutane a gari ko ƙasa.

Yadda ake lissafinsa

Ana raba yawan jariran da aka haifa a shekara da yawan mutanen wurin a tsakiyar shekarar, sannan a ninka da 1,000. Misali, garin da ke da mutum 20,000 aka haifi jarirai 800, adadin haihuwarsa 40 ne. Idan aka debe adadin mace-mace daga ciki, abin da ya rage shi ne ƙaruwar jama'a, ban da masu shigowa da masu ƙaura.

Ma'aunin ya bambanta da matsakaicin 'ya'yan da mace ke haifa a tsawon rayuwarta. Wannan na biyun, idan ya tsaya a wajen 2.1, al'umma tana maye gurbin kanta ne kawai.

A Najeriya

Binciken yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna matsakaicin 'ya'ya 5.3 ga mace a Najeriya, 6.6 a Arewa maso Yamma, 3.4 kuma a Legas. Auren wuri, ƙarancin karatun mata, mutuwar ƙananan yara da buƙatar hannu a gona na cikin dalilan da masana ke kawowa.

Amfani da ƙalubale

Da wannan adadi hukumomi ke ƙiyasta yawan allurar rigakafi, ungozomomi da ajujuwan firamare da za a buƙata. Sai dai ingancinsa ya dogara ga rajistar haihuwa da ƙidaya. A garuruwa irin su Moriki, a ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara, mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma ba kowane jariri ake yi wa rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, kuma hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban mutane da ƙauyukansu a Zurmi, Shinkafi da Kaura Namoda. Shi ya sa alkaluman irin waɗannan yankuna galibi ƙiyasi ne daga binciken gida-gida.